Zaɓen Masauki a Gaɓar Tekun Ghana: Hutun Kwana Uku Tsakanin Cape Coast da Elmina

Hutun da bai wuce kwana uku ko huɗu ba yana da hukunci dabam da na doguwar tafiya, domin abin da ya fi ƙaranci a hannun matafiyi a irin wannan hutu shi ne lokaci, kuma wurin da ya ajiye jakarsa shi ke yanke yawan sa'o'in da zai mora da waɗanda za su salwanta a kan hanya. Wanda ya tafi hutun wata guda yana iya kuskuren masauki a makon farko ya gyara a na biyu, amma wanda ya tafi kwana uku, idan daren farko ya ɓaci masa, ya riga ya yi asarar sulusin abin da ya biya wa kuɗi, kuma neman wani wurin zai ci masa rabin yinin da ke biye. Gaɓar tekun Ghana, musamman yankin da ya haɗa garuruwan Cape Coast da Elmina, wuri ne da ya dace a gwada wannan magana a kansa, saboda yana da abubuwan gani masu nauyi a tarihi, yana da masaukai iri-iri daga masu araha zuwa masu tsada, sannan yana kusa da Accra, kusancin da ke yaudarar baƙo har ya ɗauka tazarar ba komai ba ce.

Zaɓen wurin kwana tsohon ilimi ne a wurin Bahaushe. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga domin sayo goro suna da madugu, wato jagoran ayari, wanda ɗaya daga cikin manyan ayyukansa shi ne sanin inda za a yada zango, kuma yana auna wurin ne da samuwar ruwa da abincin dabbobi da tsaro da kuma nisan da ya rage zuwa zango na gaba. Daga wannan al'ada ne kalmar zango ta zama sunan unguwannin baƙi Musulmi a kusan kowane babban gari na Ghana, irin su Sabon Zango da Nima a Accra, birnin da Hausawan ƙasar ke kira Ankara, inda har yau Hausa ce harshen ciniki da gaisuwa. Hausawa sun daɗe a gaɓar ma, tun da Turawan Ingila sun kawo dakarun Hausa daga Legas zuwa wannan yanki a shekarun 1870. Saboda haka da yawa daga masu zuwa Ghana daga Kano ko Sakkwato suna da ɗan'uwa ko abokin ciniki da zai ce kada a kuskura a kama ɗaki, gidansa na nan. Karamci ne da ba a raina shi, kuma yana rage kashe kuɗi ƙwarai, sai dai baƙon gida ba shi da ikon lokacinsa, domin za a kai shi gaishe-gaishe, za a jira shi da abinci, zai kuma ji nauyin fita da asuba ko dawowa da dare. Ga wanda ya zo sada zumunci wannan shi ne maƙasudin tafiyar, amma ga wanda ya zo ganin gaɓa cikin kwana uku, ya fi masa ya keɓe wa zumunci dare ɗaya, ya kama ɗaki a sauran.

Tambaya ta farko ita ce wane gari, kafin a zo ga wane otal, kuma a nan ne mafi yawan baƙi ke yin kuskure. Daga Accra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne a kan babbar hanyar da ta bi gaɓa ta yi yamma, tazarar da direban da ya saba da hanyar Kano zuwa Zariya zai ɗauka ta sa'a biyu ce, alhali kuwa takan ci sa'a uku, wani lokaci ta haura huɗu, saboda cunkoson Kasoa a mafitar Accra da na kasuwar Mankessim da kuma ƙauyukan da hanyar ke ratsawa. Wanda ya kama ɗaki a Accra da niyyar zuwa Cape Coast ya dawo a yini guda zai shafe sa'a shida zuwa takwas a cikin mota, ya isa da rana tsaka lokacin da zafi da taron baƙi suka kai matuƙa, ya kuma dawo cikin duhu, domin a wannan yanki da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida na yamma kusan duk shekara, kuma magariba ba ta jinkiri. Tuƙin dare a wannan hanya, wadda mafi yawanta motoci masu zuwa da masu dawowa ke raba kwalta ɗaya, abu ne da mazauna ƙasar kansu suke gudu. Kwana a yankin da aka zo gani shi ne matakin da ke ceto yini guda cur.

Idan an tsayar da wannan, sai a zaɓi ɗaya daga cikin wurare uku masu hali mabambanci. Cape Coast, wanda 'yan ƙabilar Fante masu garin ke kira Oguaa, shi ne babban birnin jihar Tsakiya ta Ghana, kuma shi ne mazaunin mulkin Turawan Ingila a ƙasar har zuwa 1877 lokacin da aka mayar da hedkwata Accra. A tsakiyarsa, a kan duwatsun da teku ke duka, ganuwar Cape Coast take, wato katafaren gini mai kaurin bango da igwogi wanda 'yan Suwidin suka aza harsashinsa a 1653 kafin ya faɗa hannun Ingilishi, kuma a kurkukun ƙarƙashinsa ne aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka. Amfanin kwana a wannan gari shi ne komai yana kusa: bankuna da asibiti da kantunan magani da tashar mota da kasuwar Kotokuraba, sannan ana samun tasi a kowane lokaci, kuma kasancewar jami'ar da aka kafa a 1962 da manyan makarantun kwana ya sa ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi sun yawaita. Aibinsa shi ne gari ne mai hayaniya da ƙuncin tituna, kuma bakin tekun da ke cikinsa wurin aikin masunta ne, cike da kwale-kwale da taru da hayaƙin bandar kifi, ba irin yashin da ake shimfiɗa tabarma a huta ba.

Elmina, wanda sunansa na gida Edina, yana kimanin kilomita 12 yamma da Cape Coast, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Ganuwarsa ta girmi ta Cape Coast nesa ba kusa ba, domin 'yan Fotugal ne suka gina ta a 1482 saboda cinikin zinariya, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingila a 1872, kuma ita da sauran ganuwoyin gaɓar Ghana suna cikin jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO tun 1979. Garin ya kewaye tafkin Benya, wanda irin tafkin nan ne mai ruwan gishiri da ke haɗe da teku ta wani ɗan mashigi, kuma ta wannan mashigi ne ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti da tutoci ke shigowa da kifi da sassafe. Wannan kallo, wanda ake yin sa daga kan gadar da ke gaban ganuwa, yana cikin mafi kyawun abin da baƙo zai gani a tafiyar, kuma ba ya samuwa ga wanda ya iso da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ya kamata kuma a san cewa masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku ranar Talata bisa al'adarsu, don haka wanda ya tsara safiyarsa a kan wannan kallo sai ya duba ranar da za ta kama. Cikin garin kansa yana da ƙarnin kifi da cunkoson jama'a, shi ya sa manyan otal-otal ɗin Elmina suke a bayan gari, gabas da yamma.

Wuri na uku shi ne ƙauyukan gaɓa irin su Anomabo da Biriwa a gabashin Cape Coast, da Brenu Akyinim da Ampenyi a yammacin Elmina, inda ake samun masaukai masu ɗakuna a warwatse cikin itatuwan kwakwa, da yashi mai tsabta da shiru. Su ne hotunan da ke jan ido a intanet, kuma hutun da suke bayarwa na gaske ne, sai dai suna da kuɗin ɓoye da ba a rubutawa a tallar. Wasunsu sai an sauka daga kwalta an bi hanyar burji mai nisa, wadda ruwan sama ke lalatawa. Tasi ba ya wucewa ta ƙofarsu sai an kira shi, kuma direban da ya san ba shi da abokin takara shi ke yanka farashi. Abinci kuwa ba inda za a same shi sai ɗakin girkin masaukin, a kan farashin da aka yi wa baƙin Turai. Wanda ya zo da motarsa ko ya ɗauki hayar mota da direba ba zai ji wannan ba, amma wanda ya dogara da motar haya zai tarar cewa abin da ya rage a kuɗin ɗaki ya fita ta kuɗin zirga-zirga.

Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, hikima ita ce a tsaya a zango ɗaya. Otal yana ƙirga dare ne, kamar yadda Bahaushe ke ƙirga kwana, kuma bisa al'ada ana ba da ɗaki wajen ƙarfe biyu na rana, a karɓe shi da tsakar rana washegari, don haka duk sauyin masauki yana cin tsakiyar yini wajen haɗa kaya da biyan kuɗi da jiran a gyara sabon ɗaki. Abubuwan da ake zuwa gani kuwa duk suna cikin tafiyar sa'a guda daga Cape Coast. Gandun dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da garin, kuma a can ne aka buɗe a 1995 wata hanyar igiya da katako mai gadoji bakwai da ke rataye tsakanin manyan itatuwa, tsawonta ya haura mita 300, ana tafiya a kanta a saman daji. Zuwa da sassafe ya fi, kafin motocin 'yan makaranta su iso. A kan hanyar Kumasi kuma akwai Assin Manso, inda rafin da aka riƙa yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe yake, kafin a ƙarasa da su gaɓa. Masauki ɗaya a tsakanin Cape Coast da Elmina ya isa a kai ga waɗannan duka. Wuraren da ke can yamma da Takoradi, irin su Busua da ƙauyen Nzulezo da aka gina a kan ruwa, sun cancanci tafiya tasu, kuma cusa su cikin kwana uku yana mayar da hutu ya zama aikin direba.

Kalmar bakin teku a tallar masauki tana bukatar bincike, domin tana iya nufin ɗakin da ke kan yashi, ko wanda ake hango ruwa daga barandarsa, ko wanda ke tsallaken titi, ko kuma wanda ke bayan katangar duwatsun da gwamnati ta jera a sassan gaɓar domin hana teku cin ƙasa, inda babu yashin takawa ko kaɗan. Taswirar Google da hoton tauraron ɗan'adam suna warware wannan cikin minti biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci, musamman ga mutanen tudu da suka saba da kogi ko tafki, shi ne tekun Atilantika a wannan gaɓa ba ruwan wasa ba ne. Igiyoyinsa suna da ƙarfi, kuma akwai wata igiya mai komawa, wato ruwan da ya bugi gaɓa ya taru ya koma teku da gudu ta wani siririn layi, wadda ke janye ko gwanin iyo, kuma mafi yawan wuraren ba su da ma'aikatan ceto. Iyalin da ke da ƙananan yara sun fi samun kwanciyar hankali a masaukin da ke da shinge tsakaninsa da ruwa, ko mai kwamin wanka da ake iya sa wa ido. Ɗakin da ke fuskantar teku yakan fi tsada, ga shi kuwa wanda ke fita tun safe ya dawo da magariba ba zai ga tekun ba sai dai ya ji ruguginsa, rugugin da wasu ke jin daɗinsa, wasu kuma ya hana su barci.

Iskar gishiri tana cin ƙarfe da fenti da na'urorin lantarki da saurin da mutumin Katsina bai saba gani ba, shi ya sa masaukin gaɓa da ya yi kyau a hoton da aka ɗauka shekara uku da suka wuce yana iya zama mai tsatsa da warin danshi a yau. Don haka ra'ayoyin baƙin da suka kwana a wurin cikin watannin baya-bayan nan sun fi tarin tsofaffin yabo amfani, kuma abin dubawa a cikinsu shi ne ƙorafin da ya maimaitu a bakin mutane dabam-dabam. Tambayoyin da suka cancanci a yi wa mai masauki kafin a biya kuɗi su ne na yau da kullum: ko akwai tankin ruwa idan famfo ya ɗauke, ko akwai janareto kuma yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fitila da fanka kawai, ko tagogi suna da raga ko gado yana da gidan sauro, tun da zazzaɓin cizon sauro yana nan duk shekara kuma sauro ya fi yawa kusa da tafkuna. Gani ya kori ji, don haka babu laifi a nemi ya turo bidiyon ainihin ɗakin ta WhatsApp. Yana da kyau kuma a tambayi abin da ke maƙwabtaka da wurin, domin a kudancin Ghana ranar Asabar ce ranar manyan jana'izoji da ake yi da kiɗa da lasifika, majami'u da yawa suna raya daren Juma'a da addu'a da waƙa, wasu masaukan gaɓa kuma suna zama wuraren casu a ƙarshen mako.

Lokacin zuwa yana sauya farashi da samuwar ɗaki. Kudancin Ghana yana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli wadda ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni, da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, sannan watan Agusta yakan zo da sanyi-sanyi da gajimare. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana isowa har gaɓa, ko da yake bai kai na arewa ba. Disamba shi ne watan tsada, musamman tun daga 2019 da gwamnatin Ghana ta ayyana shekarar komowa gida ga jikokin bayin da ke Amurka da tsibiran Karebiyan, abin da ya ƙara yawan baƙin ƙarshen shekara. Ɗakuna suna ƙaranci kuma a lokacin bikin Bakatue na Elmina, wanda ake yi ranar Talatar farko ta Yuli domin buɗe tafkin Benya ga kamun kifi, da lokacin Fetu Afahye na Cape Coast da ke kaiwa ƙololuwa ranar Asabar ta farko a Satumba, da kuma ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta da ake tunawa da 'yanta bayi. Mai son ganin waɗannan bukukuwa sai ya kama ɗaki da wuri, mai neman shiru da rahusa kuwa sai ya zo tsakiyar mako a wajen waɗannan lokuta.

Matafiyi Musulmi yana da ƙarin abin aunawa. Mafi yawan mutanen wannan gaɓa Kiristoci ne, ana sayar da giya a kusan kowane masauki, wasu ɗakunan girki kuma suna dafa naman alade, don haka kifi, wanda yake da yawa kuma ɗanye daga teku, shi ne mafita mafi sauƙi, tare da dokonon Fante, wato tuwon ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ganyen ayaba. Wanda ya kwana cikin gari yana iya zuwa zango ya sami masallacin Juma'a da naman yanka da abincin da ya sani, domin koko da ƙosai da shinkafa da wake, wadda 'yan Ghana ke kira waakye, da tuwon zafi da tsire duk sun shiga cimar ƙasar ta hannun mutanen zango da na arewa. Wannan dalili ne mai ƙarfi na fifita masaukin da bai yi nisa da gari ba. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa, tun da teku yana kudu: wanda ya fuskanci ruwa, gabas tana hagunsa, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Buta da dadduma dai sai a zo da su, kuma agogon Ghana yana bayan na Najeriya da sa'a ɗaya.

Game da biyan kuɗi, masaukai masu rajista suna da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Ghana, kuma akan rataye takardar a wurin karɓar baƙi. Shafuka irin su Booking.com da Airbnb suna sauƙaƙa kwatanta farashi, sai dai ya kamata a karanta sharaɗin soke ɗaki, a kuma tabbatar ko kuɗin da aka nuna ya haɗa da haraji da karin kumallo, domin harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin otal a Ghana ba ƙarami ba ne. Ƙananan masaukai sun fi son sidi, wato kuɗin Ghana, a hannu ko kuɗin waya, kuma idan aka nemi kafin alƙalami, to a tabbatar lambar ta masaukin ce ta hanyar kiran wayar da ke shafinsa, a kuma karɓi shaidar biya a rubuce. Iyali mai mutum biyar ko shida sukan fi samun sauƙi a gida mai ɗakuna biyu da wurin girki fiye da ɗakunan otal biyu. Mai fasfon Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma ana neman katin rigakafin shawara a wurin shiga.

Daren ƙarshe yana da nasa lissafin, domin wanda jirginsa zai tashi daga Accra da safe bai kamata ya kwana a Cape Coast ya dogara da cunkoson Kasoa ba. A nan ne kwana a Accra, ko a gidan ɗan'uwan nan na zango da aka yi wa alkawari, yake da ma'ana, kuma yana ba da damar yin salla a babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Ga mai kwana uku da ba shi da motar kansa, tsarin da ya fi dacewa shi ne dare biyu a masauki ɗaya da ke bakin kwalta tsakanin Cape Coast da Elmina, mai tankin ruwa da janareto da raga a taga, sannan dare na uku a Accra.